Ranar da Motarmu Ta Kaɗa Miyar Kuka

Ku matso kusa, muryata ba ta kai nesa yanzu, kuma labarin nan ko 'ya'yana rabi-rabi suka san shi. Ni ba mai fita ba ce. Abin da na sani na duniya yawanci ta kan katanga ya shigo mini, ta kunne.

Lokacin muna zaune a Damba, tun tana 'yar unguwa a gefen Gusau, shekarun nan kafin a samu mulkin kai. Maigidana makaniki ne. Ina ɗauke da cikin fari. A al'ada tun wata bakwai ake mai da mace gidansu goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta. Gidanmu kuwa yana wani ƙauye can bayan Kucheri, inda hanyar mota ta ƙare, sai turba da fadama da rafi. Ga marka ta sauka, jaki ma sai an lallashe shi yake shiga. Ni abu ɗaya nake so, in haihu a ɗakin Inna. Yayata ta yi haihuwar fari a hannun baƙi ba ta tashi ba, tun daga ranar Inna ta ce tawa a gaban idonta za a yi.

Maigida ya ce kada a damu, da mota zai kai ni. Yana da wata tsohuwar motar soja a ƙofar gida, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ya samo ba ta ko tari. Ya ce sati biyu ya ishe shi. Wata biyu ya yi.

Da fari ya je Bungudu wurin wani maƙeri, aka ƙero masa ƙarin sifirin, ya ɗaga motar har jakin maƙwabcinmu ya mai da ƙarƙashinta wurin fakewar ruwa. Ya koma aka ƙero sarƙoƙi, ya naɗe tayoyin da su. Ya tanƙwara salansa ta dubi sama, ya kafa wa inji gora a gefe don ya riƙa numfashi idan an shiga rafi. Sai kuma ya shigo ɗakina ya fitar da gadona. Ya ɗora shi a bayan motar bisa wasu tsofaffin sifirin huɗu, wai don kada in girgiza, ya lulluɓe da tamfal. Ni na koma tabarma. Abu ɗaya ne bai taɓa ba, agogon da ke nuna zafin inji. Allurarsa a kwance take tun zuwan motar, ya ce ba ta hana tafiya.

Ina cikin gida duk ina ji. Ban taɓa ganin cikin inji ba, amma na san ranar da ya kwana lafiya da ranar da ya tashi da shaƙa.

Ana cikin haka surukina ya zo daga Magami don ya raka mu. Manomi ne mai shanu, duk abin da ke da ƙafa huɗu a wurinsa dabba ne. Ranar da ya iso ya kafa turke ya ɗaure motar da igiya. Maigida ya gani, ya ci gaba da aikinsa. Wa zai ce wa mahaifinsa mota ba ta tsinkewa?

Ranar tafiya da safe maigida ya fita neman fetur. Ina ɗaki na ji ana niƙa wani abu a kan dutse a ƙofar gida. Kowace mace ta san ƙarar kanwa. Na ji an dama ta a masaki, na ji an murɗe murfin lagireto, tukunyar ruwan nan da ke gaban mota mai sanyaya inji, sannan ƙwal-ƙwal-ƙwal. Surukina yana lallashinta.

“Sha, sha abinki. Dabbar da za ta yi nisa ba a fitar da ita babu kanwa.”

Ban san abin da kanwa ke yi wa mota ba, na dai san tana cin tukunyar ƙarfe. Amma ni tun da aka kawo ni gidan, kalmar da ta taɓa haɗa ni da surukina ita ce gaisuwa, ita ma a durƙushe, fuska a ƙasa. Ga kunyar cikin fari a kai. In na faɗa wa maigida, na kai ƙarar ubansa ke nan. Na yi shiru.

Aka ɗora ni a gado da tsani, ni da Gwaggo, ƙanwar surukina, wadda ba ta ji sai an yi ihu. Maigida a sitiyari, mahaifinsa a gefensa. Gadon nan in mota ta shiga rami sau ɗaya, shi sai ya shiga sau bakwai. Ko an tsaya bai san an tsaya ba. Gwaggo ta rungume ƙwaryar garin kuka da na yi wa Inna tsaraba, tana tashi tana sauka, tana cewa, “Ɗan nan da ya bar mu mun hau raƙumi.”

Kafin Tsafe na fara jin ɗis, ɗis, cuu, ruwa yana ɗiga kan ƙarfe mai zafi. A tasha maigida ya sauka ya leƙa. Ashe tsatsa ce ta toshe ramukan lagireton shekara da shekaru, kanwa ta wanke ta tas, ruwa yana fita ta ko'ina kamar rariya. Ina kallo ta tsagar tamfal ya dangwala ruwan da yatsa ya lasa. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi ƙasa.

“Baba, ruwan nan kamar da ɗan gardi.”

“Na ba ta,” in ji surukina. “Kai ba ka tuna ba.”

“Allah ya saka da alheri, Baba.”

Wani direban babbar mota da ke lodi ya matso yana sakace. Ya zagaya motar, ya ɗaga kai ya kalli gorar.

“Malam, wagga mota ce ko rumbu? To, yoyo dai ba abin damuwa ba ne. Garin kuka. Mu da shi muke toshewa, ka zuba ya bi ruwa ya liƙe ramukan.”

“Kamar yaya za a zuba?”

“Gwargwadon ramuka.”

Ba wanda ya gaya masa akwai kanwa a ciki. Aka karɓi ƙwaryar daga hannun Gwaggo. Maigida ya ɗebi tafi guda, surukina ya ce dabba ce babba, ya karɓa ya juye, sai ɗan abin da ya manne a gindin ƙwarya.

To ku lissafa da ni. Ruwa, kanwa, kuka, ga wuta a ƙasa. Yarinya 'yar shekara bakwai ta san abin da aka ɗora, saura daddawa da gishiri. Maza uku a tsaye, ba wanda ya taɓa riƙe maburgi. Na raɗa wa Gwaggo a kunne.

“Mi kic ce? Ɗaga murya, ɗiya.”

Ina zan ɗaga, surukina yana nan ƙasa da mu? Na sake yin shiru.

Gaskiya dole in faɗa, yoyo ya tsaya. Kuma da muka wuce Kucheri muka sauka daga hanya, motar nan ta yi abin da aka gina ta dominsa. Ta shiga fadama har gindi, sarƙoƙi suna cizo, taɓo yana tashi har kan tamfal, ta fita. Manoma suna jefar da hauya suna kallo. Na ji maigida yana dariya shi kaɗai. Amma ni kunnena yana kan tukunya. Da fari tana cewa shuuu, irin ta ruwa. Sai ta koma ɓul, ɓul, a hankali, irin ta miyar da ta yi kauri tana neman kamu. Ƙamshi ya fara shigowa. Gwaggo ta shaƙa ta ce wani gida sun yi saurin ɗora sanwa. A daidai nan bayana ya ɗaure, ɗaurin da ban taɓa ji ba.

Muka shiga rafi, ruwa har bakin ƙofa, muka haura. Muna hawa gaɓa murfin lagireto ya yi tsalle. Abu kore ya feso, ya lulluɓe gilashi, ya rataye a gora yana lilo. Inji ya mutu.

Maigida ya taɓa abin, ya ɗaga hannu, yauƙi ya biyo shi kamu guda bai tsinke ba. Surukina ya duba da kyau ya ce majina ce, sanyin rafi ya kama ta, sakiya za a yi mata. Ya shiga tsintar itace zai gasa ƙarfe. Maigida ya ce shi zai koma Kucheri da ƙafa ya nemo shanun ja. Gwaggo ta dubi fuskata, ta dafa cikina, ta leƙa waje.

“Ku nemo duk abin da za ku nemo. Naƙuda ce, wagga ba ta kai magariba.”

Daga nan zuwa gidanmu tafiyar sa'a guda ce ga mai lafiya, cikin taɓo. Ni ko sauka daga gado ba na iyawa. Na tuna yayata. Sai na juya baya ga inda surukina yake, na fuskanci Gwaggo, na buɗe murya iya ƙarfina, tun da ita sai da ihu take ji.

“Gwaggo, miya ce. In da ni ce na ɓata ta haka, sai in bari ta huce, in zubar ta ƙasa, in ɗauraye tukunyar da ruwan rafi har sai na murza yatsa ban ji santsi ba.”

“To ni mi ya dame ni da wata miya?” in ji Gwaggo.

A waje kuwa, can na ji maigida ya shiga ƙarƙashi ya zare tiyon ƙasa, abu ya zubo ɓalɓal. Na ci gaba da yi wa Gwaggo ihu tsakanin ciwo da ciwo. A cika da ruwa zalla, kada kanwa ta ko gifta. A tayar da inji, sai ruwa ya yi ɗumi a kankaro na gindin ƙwarya, yatsa uku, a barbaɗa kaɗan-kaɗan, don in aka juye gaba ɗaya gudaji yake yi.

Ta tsagar tamfal na ga surukina ya ajiye itacensa. Ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya ɗauki masaki ya gangara rafi. Dattijon da a Magami ko buta ba ya ɗaukar wa kansa. Sawu ya fi goma. A na ƙarshe ya tsaya gindin motar, ya murza yatsunsa, ya yi wa ƙanwarsa magana da ƙarfi.

“Ke, tambayi mai miya. Ya isa haka?”

“Gwaggo, a ƙara ɗaya,” na ce.

Ya ƙara.

Mota ta tashi. Tun da agogon zafi matacce ne, ni na zama agogon. Aka ba ni ludayi, duk sa'ad da na ji ta fara shuuu sai in buga bayan wurin zaman direba, a tsaya a ƙara ruwa. Wani bugun na mota ne, wani nawa ne, su dai tsayawa suke yi. Da la'asar muka shiga ƙauye, mota kore shar tun daga gaba har gilashi, awaki suna binmu suna lasa. An bar tsani a Damba. Inna ce ta taka taya ta hau, ta dube ni sau ɗaya, ta kira mata huɗu suka sauko da ni a cikin zane. Kafin a kira magariba na haifi 'yata ta fari a ɗakin Inna, a kan tabarmar da aka haife ni.

Surukina ya kawo rago ranar suna. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban sake ɗaga murya inda yake ba. Amma Gwaggo ta ba da labari, kuma shekaru ana nuna ni a biki, wai ga wadda ta aiki surukinta rafi sau goma sha ɗaya. Wasu suka ce na zubar da kunyar gidanmu. Wasu suka ce laifina shi ne jinkiri, da na yi magana da wuri da ba a yi asarar kuka ba. Har yau in na kwanta ina auna abin. Ku da kuka saurara, da ku ne a kan gadon nan, a ina za ku buɗe baki, a Damba, ko a Tsafe, ko ku ma sai bakin rafi?