Gutsure Huɗu a Gwangwani

Shekarar da hawan jini ya kwantar da yayana, ita ce shekarar da romon gwangwani ya cika kasuwar Arlit. Turawan da ke zaune a unguwar manyan ma'aikata suna ta tattara kayansu, kantin da suke sayayya ya fitar da abin da ya rage masa, sai ga katan-katan na romon kaza da kayan lambu a rumfunan 'yan Maraɗi, gefen sabulu da batir. A jikin kowane gwangwani akwai hoton kaza fara, ƙosasshiya, tana tsaye cikin ciyawa irin wadda ba a taɓa gani ba daga nan har Agadas.

Yaya ya yi shekara da shekaru yana tuƙa babbar mota a ramin uraniyom kafin ya ajiye aiki. Ni kuwa a buro, wato ofis, na yi nawa, ina rubuta awon lafiyar ma'aikata a rijista, kuma ban taɓa cike gurbi da abin da idona bai gani ba. Ina wurin lokacin da likita ya gaya wa Yaya ya rage gishiri, in ba haka ba ciwon yana iya shanye masa ɓarin jiki, kamar yadda ya yi wa mahaifinmu.

A garinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Da can madara da sukari ake kaiwa. A wannan shekarar, tsofaffin abokan aikin Yaya suka koma kawo gwangwani bibbiyu, da hujjar cewa abincin Nasara ne, kuma duk zamansu da Nasara ba su taɓa ganin ramamme ba. Wanda ya kawo yau, in ya dawo jibi zai tambaya ko an sha. Saboda haka Yaya yake shan biyu kowace rana, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan la'asar, sau da yawa a gaban mai kyautar.

Na ɗauki guda na tafi da shi gida, na sa tabarau na karanta. Ƙa'idar irin wannan rubutu ita ce a fara da abin da ya fi yawa. Abu na farko ruwa ne. Sai karas, sai dankali, kaza tana can baya. Gishirin gwangwani ɗaya kuwa ya kusa cinye abin da likita ya yarje masa na yini guda. Don kada in zalunci abin, na ƙaro biyu, na ari rariyar matata na tace gwangwani uku. Na farko na samu gutsuren kaza huɗu, kowanne bai kai ƙwayar dabino ba. Na biyu ma huɗu. Na uku akwai uku, da wani abu guda da na kasa tantance ko kaza ce ko dankali, na rubuta shi a littafina cewa ana shakka. Na rubuta amfaninsa kuma, domin yana da shi: yana da ɗumi, yana wucewa a maƙogwaron marar lafiya, karas ɗin ma karas ne na gaskiya.

Na kai wa Yaya littafin. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To, mai rijista, yanzu kazar ma sai da ka yi mata awo?"

Na ce, "Yaya, ruwan gishiri kake sha."

"Ruwan gishirin da abokina Alhaji ya ɗauko tun daga garin Akokan a cikin wannan rana? In ce masa me? Ƙanena ya tace ya ƙirga?"

Ya miƙa wa matarsa gwangwanin la'asar ta ɗumama. Mako uku ina kai shi awo, jinin bai sauka ba. Mako uku ina maimaita bayanina ga masu dubiya, suna gyaɗa kai, suna cewa boko ya yi rana, suna ajiye gwangwanayensu a gindin gado.

Ana cikin haka gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ta iso daga Damagaram bayan kwana biyu a mota. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ta zauna a tabarma, ta ga an kawo wa Yaya kwano, ta karɓi gwangwanin da aka juye ta dubi hoton, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Wannan kazar, wa ya yanka ta?"

Masu dubiya uku ne a ɗakin, har da Alhajin Akokan. Yaya ya tsaya da cokali a hannu.

Gwaggo ta miƙo mini gwangwanin. "Kai ɗan boko, karanta mana. Musulmi ne ya yanka?"

Zan faɗi gaskiya a nan, tunda ita na saba rubutawa: na ga ƙofa a buɗe. Babu wanda ya iya karanta ƙananan haruffan nan a ɗakin sai ni, kuma kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe maganar. Na juya gwangwanin gaba da baya, na karanta har adireshin da ke ƙasa. Na ce, "Gwaggo, ba su ce Musulmi ba ne, ba su ce ba Musulmi ba ne. Ba su ce komai a kan yanka ba. Abin da suka rubuta dai shi ne gishiri, wanda na..."

"Ba su ce komai ba," in ji ta. "To."

Yaya ya ajiye cokalin. Alhaji ya yi salati, ya ce shi wallahi bai taɓa kawo wannan a ransa ba, ya tashi da kansa ya fara kwashe gwangwanayen daga gindin gado. Babu wanda ya ji an raina kyautarsa. Kafin Juma'a ta zagayo, masu dubiya sun koma madara da sukari.

Gwaggo ta sa aka kawo kaza mai rai aka yanka a gabanta. Ni na tsaya a bakin murhu na riƙe kwanon gishiri a hannuna har aka sauke tukunya, kuma haka na yi ta yi duk kwanakin da ta yi a gidan.

Da muka koma awo bayan mako biyu, jinin ya sauka. Likita ya tambayi Yaya abin da ya canza. Ina tsaye a gefensa, littafina a hammata, ya ce gwaggonsa ce ta zo daga Damagaram, mace mai ilimi.

Na rubuta awon ranar a shafinsa. A gurbin dalili na rubuta an daina shan gishiri, domin shi idona ya gani.