Baba Maharazu da Kusurwar Indo

Kafin direbobin Ƙanƙara su gama shan kokon safe, Baba Maharazu ya riga ya share gindin darbejiyarsa da ke bayan tasha, ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera kayan aiki. Filaya ce, da sukundireba, da guntun samfefa, da wani ƙwan fitilar mota da ya ɗaura wa waya biyu. Kayan ke nan. Baƙo zai ɗauka mai gyaran tocila ne, alhali tun daga Sheme har Damari babu direban tsohuwar mota da bai taɓa durƙusawa a gaban buhun nan ba. Bana ido ya ce masa ya isa haka, jar waya da baƙa sai ya kai su hanci yake bambance su, don haka ya naɗe buhunsa. Na ga bai kamata ya naɗe shi shiru ba.

In aka turo masa mota, ba ya saurin buɗe komai. Sai ya ce wa direba, "Murɗa makulli, kada ka tada ta." Ya kara kunne kusa da tanki. Tsofaffin motocin Ingila da yake gyarawa famfon mansu na lantarki ne, kuma lafiyayyen famfo yana yin kas-kas-kas da an murɗa makulli. In ya ji shiru, sai ya ɗauko ƙwan fitilarsa ya bi waya gaɓa-gaɓa. Yakan ce wuta ta waya take zuwa, amma ta ƙarfen mota take komawa batir, kuma in ta rasa hanyar komawa ba ta zuwa sam. Shi ya sa ya fi damuwa da 'yar gajeriyar wayar ƙasa, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, fiye da duk sauran.

Mu kuwa tun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan muka daina haƙuri da tsohon abu. Kowa Fijo yake mafarki. Tsofaffin motoci aka kora su ƙauye, direbobinsu kuma da mota ta yi tari sai Funtuwa, a sayo sabon famfo a jefar da tsoho. Lawwali na Sheme ya canza famfo har ya gaji, ashe fentin da ya sa aka shafe motar da shi don tarbar alhazai ne ya shiga tsakanin wayar ƙasa da ƙarfe. Baba ya kankare wurin da samfefa, ya mayar masa da tsohon famfonsa, ya ce, "Kwalliya ta yi kyau, Lawwali, amma ka toshe mata hanci." Abin da ya tsana shi ne ya ga direba yana ƙwala wa famfo sifana don ya tashi. Sai ya miƙe tsaye yana faɗa, "Mi ya yi maka? Bashinka ya ci?"

Amma ba don Lawwali na ɗauki alƙalami ba. Don Indo ne.

Indo Bamagujiya ce daga wani ƙauye a bayan Ketare, sana'arta daddawa. Duk ranar kasuwar Ƙanƙara takan hau a-kori-kurar wani direba mai suna Mani da ƙaton kwandonta. Wurin zamanta ɗaya ne, kusurwar baya ta dama, can bakin ƙofa. An ce saboda warin daddawa ne, kuma mu faɗi gaskiya, har da kasancewarta wadda take. Warin ya kama katakon wurin, ta yadda ko ranar da ba ta zo ba babu mai zama a nan, sai dai a jefa tabarma ko fanteka.

Wata damina motar Mani ta fara wani hali. Ana cikin tafiya sai ta shaƙe ta mutu. Kowa ya sauka a tura, ta tashi garau. A hau, a ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa. Ranar da babu Indo kuwa, lafiya lau. Ba a daɗe ba wani ya lura. Rannan da aka sauka turi, sai wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Zailani, ya ce a gwada barin matar nan a ƙasa. Aka bar ta a bakin hanya da kwandonta, mota ta zo Ƙanƙara ko tari ba ta yi ba.

Kun san kalmar da ta biyo baya. Mayya. Kun kuma san nauyinta a ƙasarmu. Ciniki ya tsaya, maƙwabta suka janye, dangin saurayin 'yarta Baraka suka fara cewa a dakata tukuna, tun da an ce abin a nono ake sha. Har an soma raɗe-raɗin ta bar ƙauyen da ta haihu ta kuma binne iyayenta a cikinsa.

Mani ya sha kawo motar wurin Baba, amma kullum wayam yake kawo ta, famfo na kas-kas abinsa. Daga baya ya zo ya ce, "Baba, ka huta, an gano abin. Ba aikinka ba ne, na malamai ne, har rubutu na sha." Ya kwashe labari ya faɗa masa. Baba ya yi tambaya ɗaya, "Ina take zamnawa?"

Ya sa aka ɗora buhun dawa a kusurwar. Famfo ya yi tsit. Aka sauke, ya ci gaba. Da ya shiga ƙarƙashi sai ya ga wani ya taɓa ɗaure wayar ƙasa a ƙusar da ke riƙe katakon wannan kusurwa da ƙarfen mota. Ruwan damina ya sa ƙusar ta yi tsatsa ta saki. Da an danne katakon sai ta motsa, wuta ta rasa hanya, mota ta ƙarasa ɗan man da ke bakinta ta mutu.

"To Baba, ɗaure mani ita mana," in ji Mani.

"Ba ni ɗaurewa yau."

"Haba Baba! Don mi?"

"Motarka aikin ɗan lokaci ce. In na gyara ta nan ni da kai, za a ce rubutun da ka sha ne ya yi aiki. Matar nan hwa? Wa zai gyara ta? Ka kawo mani motar ran kasuwa, tsakiyar tasha. Ka aika a ce Indo ta zo."

Ina wurin ranar, da hantsi, tasha cike. Indo na tsaye can gefe ita da Baraka, an bar fili tsakaninsu da jama'a kamar an shata. Baba ya ce masu taba su kashe. Ya cire tiyon mai ya zura a galan don famfo ya yi ta bugawa kowa na ji. Sai ga dattijon nan ya tattare riga, ya hau bayan mota da kansa, ya zauna daram a kusurwar Indo. Kas-kas ta ɗauke. Ya dubi jama'a ya ce, "To, ga wani mayen kun samu." Ya tashi, famfo ya ci gaba. Ya kira mai shayi, ya zauna, famfo shiru. Ya kira sarkin tasha, shiru. Dariya ta fara ɓarkewa. Sannan ya ce, cikin ladabi, "Alhaji Zailani, bismilla, taho ka gwada taka sa'ar." Alhaji ya hau yana gumi, ya zauna, famfo ya yi tsit. Don Allah a yaba masa, bai yi gardama ba. Ya sauko ya ce, "Astagfirullah. Mun ɗauki alhakin baiwar Allah."

Sai a lokacin Baba ya kwanta ƙarƙashi, ya kankare ƙarfe har ya yi fari, ya ɗaure sabuwar waya a wurin da ba ya motsi. Ya fito ya ce, "Indo, taho ki hau motarki." Ta hau da kwandonta, famfo bai fasa bugawa ba.

Baba Maharazu, kai ne ka san cewa gyaran da aka yi a ɓoye ba ya wanke wanda aka ɓata a fili. Kai ne ka zauna a wurin da kowa ke ƙyama, ka kira kanka da sunan da ake jifan wata da shi, kana dariya. Likitan tsofaffin motoci, mai kunnen da ya fi idon wasu. Ina ƙaunarka saboda wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mun gode. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu tasowa a sana'a, da mu duka masu hawa mota, in abu ya lalace a duba waya tukuna kafin a duba fuskar wanda ke zaune kusa.

Da zan rubuta wannan na je har ƙauyen Indo. Tana nan ba ta tashi ba, Baraka na ɗakin mijinta. Na tambaye ta me ta fi tunawa a ranar. Na ɗauka za ta ce Alhaji Zailani. Sai ta ce, "Ni ban san waya ba, Malam. Abin da na sani, da za mu koma gida, Larai ta Ketare ta zo hawa mota, goyo ya hana ta. Ta kwance ɗan, ta duba, ta miƙo mani shi, ta ce, 'Indo, riƙe mani.'" Ta goge ido da bakin zane. "Ka hwaɗa ma Baba har Ketare ban mayar mata da shi ba, ita kuma ba ta ce in kawo ba."