Wutsiya ta Huɗu

A gidanmu na Tudun Wada ba a kashe murhun Kaka bayan an kwashe tuwo. Sai ta tura guntun icce ɗaya ciki, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ni da ƙanwata Rabi mu baje a gabanta da kwanukanmu. Ko an kawo wuta ba ta yarda a kunna ƙwan tsakar gida, wai haske yana korar labari. Can bakin zaure Babanmu yake zama da igiyarsa a cinya, yana bin ta kamu-kamu yana neman inda ta fara cinyewa, don sana'arsa haƙar rijiya ce da yasa.

Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mai igiya". In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ni kuwa da rashin wayo na yanke hukuncin ba ta sonsa, har na taɓa faɗa mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke dai bakinki ya fi ki girma."

Tatsuniyarta ba ta gizo ba ce. Takan fara da cewa, "Ga ta nan ta fito daga rami, wa zai tare ta?" Mu ce mu ne. Daga nan sai labarin Mutanen Ƙasa, masu zama ƙarƙashin kowace rijiya ta Zariya, daga Gyallesu har Kwangila, hanyoyinsu a haɗe. Ba sa ihu, ba sa cizo. Zama kawai suke yi a duhu suna lura da duk abin da aka zuro musu, suna kiran sunansa da yarensu.

Yaren nan shi ya fi komai ba mu tsoro, shi ne kuma muka fi so. A cikinsa suna ba ya zama wuri ɗaya, wutsiyarsa tana canzawa gwargwadon nisan abu da hannunsu. Guga a wurinsu dolo ne. In yana ajiye a bakin rijiya, doloma. In ya kama hanyar sauka, dolori. In ya taɓa ƙasa amma igiyarsa tana hannun wani a sama, doloku. Haka kaza, haka bokiti, haka mutum. Muka ɗauke shi wasa: ina kiran Rabi Rabima in tana kan tabarma, Rabiri in ta leƙa randa, ita kuma ta fashe da kuka ta kai ƙarata.

"Akwai ta huɗu," in ji Kaka, "ta abin da igiya ta rabu da shi, ya zama nasu."

"Mece ce, Kaka?"

"Ba a faɗinta a gidan da ake ajiye igiya."

Gwarzon labarin wani mahaƙi ne mai suna Zanko. Kullum a bakin rami ake farawa da shi yana Zankoma. Ya kunna aci-balbal ya zura, kamar yadda Baba yake yi, don in wutar ta mutu a ƙasa to iskar ramin ba ta mutum ba ce. Sannan ya sauka, mu ji Mutanen Ƙasa suna raɗa, Zankori, Zankori. Da ya taka laka sai Kaka ta rage murya ta ce Zankoku, Rabi ta ƙanƙame ni. Amma kullum yakan yi musu dabara, a jawo shi, mu kwanta yana sama.

Wata damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka kira Baba ya yashe wata tsohuwar rijiya a Dutsen Abba. Na ji shi yana faɗa wa mahaifiyarmu cewa gobe da sassafe zai tafi. Kaka ma ta ji, don hannunta ya tsaya a kan muciya.

Da yammar nan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Zanko ya zura fitila ta mutu. Ya sake kunnawa ta sake mutuwa, sai ya ce iska ce kawai, ya ɗaura igiya a ƙugu. Bangon rijiyar ya sha ruwa, yana zubo masa da ƙasa a wuya kaɗan-kaɗan. Mutanen Ƙasa ba su yi raɗa ba a ranar, a fili suka kira shi. Da ta kai Zankoku sai ta ɗauki icce tana tona toka.

"Kaka, ki fito da shi mana," na ce.

"Igiyar ba a hannuna take ba."

Baba ya yi dariya daga bakin zaure. "Inna, za ki hana min yara barci."

Ba ta juya ba. Murhu ta kalla ta ce, "A dai gaya wa mai igiya ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Rijiya ba gudu za ta yi ba, ta jira rani."

"Na riga na amsa wa mutane, Inna. Allah zai tsare."

"Allah ya tsare," ta ce, ta watsa wa wutar ruwa. Ba ta rufe labarin ba, kuma ni ban taɓa jin tsoro irin na wannan daren ba.

Washegari kafin azahar wani mai babur ya yi sallama a ƙofar gida, wandonsa duk jar laka. Ya ce bangon rijiyar ya rufta da Baba a ciki, ana kan tono. Mahaifiyarmu ta yanke jiki ta faɗi, mata suka cika gidan. Kaka ta yi salati, ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a. Ta shiga zaure ta ɗauko tsohuwar igiyar da ya bari, ta naɗe bakin igiyar a hannu ta zauna. Na matsa kusa da ita, na ji leɓenta yana motsi. Zankoku take cewa, tana maimaitawa, tana ƙara damƙe igiyar. A nan na gane wane ne Zanko, na kuma gane sunan wa take kira a gabanmu duk shekarun nan ba tare da kowa ya ce ta yi rashin kunya ba.

Da la'asar aka fito da shi, ba rai. Daga ranar Kaka ba ta sake yi mana tatsuniya ba.

Sai da na yi aure na haihu, ita kuma ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, sannan na samu ƙarfin halin tambayarta. Ina shafa mata man zafi a ƙafa na ce, "Kaka, yanzu ai babu igiya a gidan. Mece ce wutsiya ta huɗu?"

Ta dubi rufin ɗaki. "Babu ita," ta ce. "Ni na ƙaga yaren, tun ranar da ya fara shiga rami. Uku na iya yi. Duk sanda na zauna zan yi ta huɗun sai in ga fuskarsa, in fasa."

Na yi kuka a ranar fiye da wanda na yi ranar rasuwarsa, saboda na tuna abin da na taɓa faɗa mata ina yarinya.

Ɗana na fari sunan Baba ya ci, don haka ni ma ba na kiran sunansa, Abba muke ce masa. Ba ya haƙa rijiya, motar haya yake ja tsakanin Zariya da Kaduna, kuma ni ban iya ce masa ina jin tsoro ba. In ya tayar da mota da asuba nakan ji bakina ya ce Abbari. In wayarsa ta ƙi shiga, Abbaku nake ta yi a zuci, carbi a naɗe a hannuna. Sai na ji ƙarar ƙofar gida da sallamarsa nake cewa Abbama, can ƙasa-ƙasa, in ci gaba da tuƙa tuwona ban ɗago na dube shi ba.