Gem Ɗin Ɗan Fari

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku ba ji na yi ba, a hannuna ya faru, shekara huɗu ke nan, lokacin ina da ɗan shagon turi a Dutsin-Ma, ina zuba wa mutane karatu da finafinai da gem a memori. Ni mutum ne mai gardama, da wani ne ya ba ni labarin nan da dariya zan yi masa.

Wata ranar Laraba da hantsi wata dattijuwa ta zo daga Kurfi, ta kwance bakin mayafinta ta fito da ƙaramar na'urar gem ta hannu, maɓallanta duk sun koɗe. Ta ce ta "wannan yaron" ce, mota ta kaɗe shi a hanyar Kurfi, an yi arba'in, kawunnansa sun ce a gyara ta a sayar a sa cikin gado. Na ce, "Inna, Allah ya jiƙansa, ya sunansa?" Sai ta kau da kai. Nan na gane ɗan fari ne, kun san alkunyar iyayenmu, shekara ashirin da shida bakinta bai taɓa kama sunansa ba, ga shi har ya tafi.

Ta wuce kasuwa, ni kuma na hau aiki. Gem sun fi ɗari a watse, na ware na ƙwallo gefe, na tseren mota gefe, na faɗa gefe, na goge duk inda marigayin ya tsaya a kowane wasa don mai saye ya fara sabo. Na kashe ta, na kulle a durowa, na tafi azahar da makullin a aljihuna.

Ina dawowa na tarar da ita a kunne, da ɗuminta kamar yanzu aka ajiye, komai ya koma yadda ya bar shi, wani wasan noma ya hau can saman jerin gem ɗin. Na ce ƙila ban adana ba ne, na sake gogewa, har memorin na zare na aje kan tebur. Innalillahi! Wasan noman nan bai gushe ba. Gona ce da ɗan gida, ga mutum-mutumin wani saurayi tsaye a ƙofa ya juya baya, ga wata mata zaune a ciki, an rubuta "Inna" a samanta. Na danna, na danna, ya ƙi motsi.

Da la'asar ta dawo, ban iya yi mata ƙarya ba, na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa kan saurayin ta ce, "Ɗan nan, mi aka rubuta nan bisa kanshi?" Na karanta mata. Can ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji ta, ta ce, "Nasiru."

Na rantse da Allah hannuna ba ya kan maɓalli. Saurayin nan ya juyo, ya fuskance ta. Sai fuskar na'urar ta ɗauke.

Da na kunna, gem suna nan a jere yadda na tsara su, ba gona, ba gida, ba kowa. Ta ce, "Maido min shi, sau guda na kira." Na yi duk abin da na sani har aka kira magariba, ban iya ba, ni da na goge da hannuna ban ajiye kwafi ba. Ta ɗaure abarta a mayafi ta ce ba za a sayar ba. Ina rufe shago na fashe da kuka.

Har yau ban san me na gani ba, kuma in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Abokan sana'a, kar ku yi saurin goge kayan mamaci. Ku kuma iyaye, alkunya ba laifi ba ce, amma ko sau ɗaya ne ku kira ɗanku tun yana iya amsawa.