Gonar da Tsuntsu Bai Sauka Ba

Duk hutun lakwal, wato makaranta, na damina, mahaifina kan tura ni Hamdara wajen mahaifiyarsa, Kaka Aisa, wai in san inda tuwo ke fitowa. Ni kuwa tumu ne ke kai ni. Idan gero ya fara nuna, Kaka kan karyo zangarniya biyar ko shida, da an idar da magariba ta hura wuta a bakin ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Tana juya tumu a kan garwashi, tana murza shi a tafin hannu kamar ba wuta ya fito ba. Ni take fara miƙa wa, ta ce, "Karɓi, angona, ko ka yi ƙiba a daina cewa na auri sillen kara."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa a lokacin da tsuntsayen jan-baki suka addabi gonaki. Takan ce, "To ga ta nan ta iso ƙofa," mu ce, "Ta shigo, Kaka."

Wai wani mai gari ne da gonaki biyu, ya ɗauki samari biyu su tsare masa gero. Na farko gwanin majajjawa ne. Laɓewa yake sai tsuntsaye sun sauka sun cika gona, sannan ya saki dutse. Kullum yamma ya shigo gari da jan-baki rataye a igiya, yara na bin sa, ana yaba masa. Na biyun, Dogo, ya kafa rumfa a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi da sakaina zuwa kowace kusurwa, tun asuba yana tsaye. Garken tsuntsu ya taso, ya hango shi, ya ji ƙarar sakaina, ya karkata wani wuri. Da yamma Dogo ya dawo hannu rabbana. Mutane suka ce ai wannan tsayin banza ne. Mai gari ya ba mai majajjawa riga, ya sallami Dogo ana gab da girbi. Da aka yi girbi, gonar Dogo ta cika rumbu har da saura, ɗayar kuwa rabinta ƙaiƙayi. Aka aika a nemo Dogo, aka tarar ya bar garin.

Na tuna ranar da na ce, "Kaka, ni dai mai majajjawa nake so, shi ke kawo nama."

Ta dungure mini kai. "Kai dai cikinka ne malaminka. Kowa ya iya ƙirga tsuntsun da aka kashe, angona. Wa zai ƙirga wanda bai sauka ba?"

Na yi dariya, na miƙa hannu a ƙara mini tumu.

Na girma, na zama malamin motsa jiki a wani lise, wato sakandare, a nan Damagaram, ina horar da ɗalibai ƙwallon kwando. Wata shekara aka ce in zaɓi waɗanda za su je gasa Yamai, inda ake tsintar 'yan wasa a ci gaba da su. Dogaye biyu gare ni masu tsare ƙarƙashin kwando, gurbi kuwa ɗaya ya rage. Ga Laminu, ga Bukar, kuma dukansu shekararsu ta ƙarshe ke nan a lise.

Laminu idan ya yi tsalle ya mangare ƙwallo, har cikin 'yan kallo take faɗawa, fili ya kaure da ihu. Bukar kuwa ba ya tsalle sai dole. Ya kafa ƙafa, ya ɗaga hannuwa sama, bakinsa bai yin shiru: "Hagunka! Bar mini shi! Koma!" Idan ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo, ba ya bin ta, sai ya tokare dogon abokan hamayya da baya, wani ƙaramin ɗan wasanmu ya cafe. Ni kuma ina gefe da takarda, ina jan layi ga duk wanda ya mangare ko ya cafe. Gaban sunan Laminu ya cika da layuka. Gaban sunan Bukar fari fat.

Zan faɗi gaskiya, ba takardar kaɗai ba ce. Ina son a ce a Yamai, wane ne ya horar da wancan mai tsallen? Na kira Bukar gefe na nuna masa takardar. Ya daɗe yana kallon ta, ya ce, "To, Mushe," yadda ɗalibai ke kiran malami, "Allah ya ba da sa'a." Ko gardama bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai yanzu.

A Yamai aka yi mana ruwan ƙwallo. Ba laifin Laminu ba ne, abin da nake yaba masa shi ya yi. Suka gane shi tun wasan farko: a yi kamar za a jefa, ya tashi sama, a miƙa wa wanda ya bari a bayansa. Da muka dawo, na zauna na kalli tsofaffin wasanninmu da wani ɗalibi ya ɗauka a waya. Duk lokacin da Bukar ke fili, sai in ga ɗan wasa ya kutso da gudu, ya ɗaga kai ya gan shi, ya juya baya, ya jefa daga nesa ya ɓarar. Ba wanda ya kai ƙarƙashin kwando, balle a mangare masa. Na ajiye wayar, na ji muryar Kaka kamar tana gefena, alhali ta yi shekaru a ƙasa.

Bara na tare kabu-kabu a bakin kasuwa, sai ga Bukar, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kan babur. Ya yi murna da ganina, har ya sauka ya gaishe ni. A hanya na yi ta juya maganar a baki, da ƙyar na ce, "Bukar, zancen Yamai ɗin nan..."

Ya ce, "Haba Mushe, ai kun yi daidai. Ni da idona na ga takardar. Ban iya komai ba, tsayi ne kawai."

Na san ya rasa Yamai ta dalilina. Ban san ya ɗauki takardata ya yi wa kansa hukunci da ita shekara da shekaru ba. Na ce ya tsaya a gefen hanya, na gaya masa abin da na gani a wayar, ɗaya bayan ɗaya, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Allah ya yafe mana," ya tada babur. Ban sani ba ko ya yarda, don takarda ta riga bakina isa wurinsa.

Mai garin nan na tatsuniyar Kaka ya aika neman Dogo bai same shi ba, ina yaro nakan ce ya yi rashin sa'a. Ni na samu nawa, na zauna a bayansa, amma an riga an gama girbi.