Sunan da Malam Ya Kama a Coci

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Malam, maigidana, mai bishara a wata ƙaramar cocin kwano da ke bayan Yalwawa. Har yau bakina bai iya kama sunansa ba, haka aka rene mu. Shi kuwa kama sunan wani ne ya ja masa abin da zan ba ku labari.

Mun baro ƙauyenmu na wajen Aujara lokacin da aka ƙirƙiro jiha, Dutse ta cika da ma'aikata, ni na samu koyarwa a firamare. Kiristocin da suka zo daga nesa, in nasu ya mutu sai a sa shi a mota a kai shi gida. Mu fa? Hausawa ne mu, nan aka binne cibiyarmu, amma ba mu da ko taku ɗaya na maƙabarta. Malam ya nemi fili, aka tura shi wurin wani jami'i mai rabon filaye. Mutumin nan ya yi ta ce masa ya dawo gobe har takalmin Malam ya cinye.

Ni mai zuciya ce, na ce Allah ya isa. Malam ya ce kul, Littafi ya umarce mu mu yi wa masu mulki addu'a. Kowace Lahadi yakan jero su, gwamna, sarki, hakimi, har mai unguwa, kowa da muƙaminsa. In ya zo kan jami'in nan sai ya kama cikakken sunansa, ya roƙa masa lafiya da zuriya mai albarka. Na ce, "Malam, Allah bai san shi ba ne sai ka yi masa kwatance?" Ya yi dariya, ya ce wanda zuciyarka ta fi ƙi, shi ya kamata bakinka ya ambata a gaban Ubangiji. Ya manta bangon kwano ba ya riƙe magana.

Shekarar da aka fara shari'a, gari na zaman ɗar-ɗar, sai jami'in ya yanke jiki ya faɗi a ofis, ɓarin jikinsa ya shanye. Kafin rana ta faɗi magana ta zagaya gari: ai kiranye ne, mako-mako ake kiran sunansa a coci har asirin ya kama shi. Mai unguwarmu, dattijon kirki, ya kira Malam ya ce, "Don girman Allah, Malam, ka cire sunan bawan Allahn nan daga bakinka." Malam ya je dubiya gidan jami'in, aka rufe masa ƙofa, yana juyawa aka bi sawunsa da tsintsiya.

Waɗannan tsoro ne ya ci su, ban ga laifinsu sosai ba. Namu ne suka soke shi. Lahadin da ta biyo baya coci ta cika maƙil, wata ta rangaɗa guɗa, wai addu'ar Malam ta ci. Sai ga su gida ɗaya bayan ɗaya, wannan da sunan mai gidan hayarsa, waccan da sunan shugaban ofishinta. Malam ya yi ta cewa lafiya na roƙa masa, suna murmushin mun gane. Ya bi maganar mai unguwa, in ya zo wurin sunan sai ya yi shiru, suka ce ai yanzu ne ma yake jifa a zuci. Kaico! Mutumin da ko kaza bai iya yankawa sai ya kira maƙwabci.

Daga nan ya fara ramewa, bai ƙara ganin damina biyu ba. Ba jami'in da ya yarda ya taɓa maganar filinmu, kowa na gudun a san sunansa. A motar a-kori-kura muka kai gawarsa ƙauye. Yayansa, Musulmi, Allah ya jiƙansa, ya ba mu kusurwar gonarsa. Bayan shi ma ya rasu aka raba gado, aka sayar. Bara na je ziyara, gero na tarar ya fi ni tsawo.

Da Malam zai ɗago kai yau, zai ga Dutse da jami'a da tituna, zai ga an ba mu maƙabartar har da katanga. Na san zai yi godiya, ya ƙara wanda ya sa hannu a cikin addu'arsa. Abin da ba zan so ya ji ba shi ne yadda ake ba da labarin: wai tsoron bakinsa ne ya sa aka bayar. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. To nasa ya faɗi, wasu suka tsince shi suka mai da shi makami.

Har yanzu ana yi wa shugabanni addu'a a cocinmu, a dunƙule, da sauri, kamar mai haɗiyar magani. Kwanan baya muna fitowa, wata mata da aka kori ɗanta daga aiki ta riƙe hannuna, idonta jawur. Ba ta taɓa ganin Malam ba, labarinsa kawai ta ji. Ta ce, "Mama, da Malam na da rai, wallahi da na kai masa sunan mutumin nan."