Abin da Gwaggo Saude Ta Rage a Ƙullu

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya bi hanyar Kura zuwa Bunkure ya san rumfar Gwaggo Saude. Tana gab da gadar babban kanal, inda masu dashen shinkafa da masu tsinkar tumatir suke taruwa kafin kowa ya kama hanyar gonar da aka kira shi. Shekara talatin da ɗoriya tana suyar waina a wurin. Direbobin da ke lodin kwandunan tumatir daga Kadawa sun san cewa idan rana ta ɗaga ba za su samu ba, don haka har rige-rige suke yi. Wainarta fara ce sol, gefenta ya soyu, cikinta kuma laushi kamar auduga. Saude ta san da haka, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani. Mata uku sun taɓa kafa tanda kusa da ita, duk sun tashi da kansu ba tare da ta ce musu uffan ba.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta Malam Nasiru ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ta ce ita da aure kuma sai a lahira. Abin da ya cika mata gida shi ne Bashira, 'yar ƙaninta Hashimu. Yaye aka kawo ta, aka ce sati biyu za ta yi ta manta nono a mayar da ita. Sati biyu suka wuce, Saude ta ce yarinyar tana mura. Wata ya cika, ta ce hanya ba kyau. Daga baya Hashimu ya gaji da aike ya haƙura, tunda dai ba bare ba ce ta riƙe masa 'ya.

Irin riƙon da ta yi mata sai da mutanen unguwa suka yi ta magana. Bashira ba ta taɓa hura wuta ba, ba ta taɓa zuwa inji kai niƙa ba. In ta matso kusa da murhu, Saude ta daka mata tsawa ta ce ta koma ga littafinta, ita da ta ƙone shekara da shekaru ta ƙone musu su biyu. Har lokacin da yarinyar take jami'a a Kano tana karatun haɗa magunguna, duk ranar Litinin da Alhamis akwai direban da yake kai mata kwanon miya da soyayyen nama. Saude tana kiran wannan gata. Maƙwabciyarta Saliha ta taɓa gaya mata cewa ɗaure yarinya take yi da igiyar da ba a gani, suka yi wata guda ba sa gaisawa.

Sai ga Bashira ta samu gurbin ƙaro karatu a wani gari a kudancin Indiya, shekara biyu. Saude ta yi kuka, ta yi rantsuwa ba inda za ta, ta kwana uku ba ta yi wa Hashimu magana ba don shi ya sa hannu a takarda. Amma ranar da aka tafi, babu direban da ya sayi waina bai ji labarin cewa 'yarta ta hau jirgi ba. Bashira ta bar mata babbar waya, ta koya mata inda za ta taɓa in kira ya shigo da hoto.

Watannin farko wahala ce zalla a can. Kullum bayan la'asar wayar sai ta yi ƙara, Bashira ta bayyana a wani ɗan ɗaki mai fanka, idanu jajur. Abincinsu yaji ya yi yawa, cikinta ya ƙi karɓa. Ta dafa shinkafa ta zama tuwo, ta sake dafawa ta ƙone. Ba ta san yadda ake sauya tukunyar gas ba. Masu adaidaita sahu suna zagaye da ita gari don sun ga baƙuwa ce, in ta shiga kasuwa kuma kallo kawai ake bin ta da shi, ba ta jin su, ba sa jin ta.

"Gwaggo, albasa ake fara sawa ko tumatir?"

"Albasa, 'yar nan. Ki bari ta yi ja tukuna. Juya min wayar in ga tukunyar."

A gaskiya Saude ba ta taɓa jin daɗi irin na waɗannan watanni ba. Tana tausayin yarinyar, har hawaye take yi bayan an kashe waya, amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani sanyi da take ji. Ga teku, ga ƙasashe a tsakani, amma ko gishiri Bashira ba ta sawa sai ta tambaye ta.

A wata na huɗu ne aka fara ambaton Nurjahan. Wata dattijuwa ce Musulma da take zaune a ƙasan benen da Bashira take, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna aiki a wasu garuruwa. Ita ta ji ƙaurin girki ta hau sama ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ta kai Bashira kasuwa ta nuna mata mai kifin da ba ya cuta, ta koya mata ƙirga da yarensu, ta nuna mata motar da ke zuwa makaranta kai tsaye. Da zazzaɓi ya kwantar da ita, Nurjahan ce ta kwana biyu tana dama mata kunun shinkafa. Kuma ba yi mata take yi ba, tsayawa take a kanta har sai ta yi da hannunta.

Saude ta yi godiya a karon farko, ta ce Allah ya saka. A karo na biyar ta fara sauya magana. Kira ya koma bayan kwana biyu, ya koma ranar Juma'a kawai, kuma ko an kira babu tambaya a ciki, sai labari. Bashira ta yi ƙiba, tana dariya, ta gyara famfo da kanta, ta yi ciniki da yarensu har mai kayan miya ya ƙara mata. Wata Juma'a ta ce, "Ai Gwaggona ta nan ta ce in gaishe ki."

Saude ta ji maganar har cikin haƙoranta. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma ta san sunansa. Tun daga ranar ba ta sake kama sunan Nurjahan ba, sai dai "matar nan". Ta taɓa ganinta sau ɗaya a waya, wata 'yar siririya mai tabarau tana ɗaga hannu tana murmushi, Saude ta gaya wa Saliha cewa murmushin bai kwanta mata ba. Saliha ta ce ai kamata ya yi ta aika wa matar da turare. Saude ta ce ba ita ta tambaya ba.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne tanda. Ana tsakiyar azumi Bashira ta kira da murna, ta ɗaga wani baƙin kasko na ƙarfe mai ramuka bakwai.

"Gwaggo, kin ga? Su ma suna da tanda. Suna yin wani abu da ƙullun shinkafa kamar waina, sai dai ƙanana. Gwaggona ta nan ce ta ara min."

"Ramukan ba zurfi," in ji Saude.

"Za su yi. So nake ranar Sallah in yi musu waina irin taki. Na gayyaci 'yan ajinmu da mutanen gidan nan duka. Na cika musu baki, na ce a duk Kano babu kamar Gwaggona. Ki faɗa min yadda ake yi, ga biro a hannuna."

Saude ta gyara zama ta fara. A sami farar shinkafa ta tuwo, a wanke, a jiƙa ta kwana. A tsane, a niƙa da albasa, kada ruwa ya yi yawa. A sa yis da ɗan sukari, a rufe a wuri mai ɗumi har ya tashi. Gishiri sai za a soya. Tanda ta yi zafi kafin a zuba mai. Ta faɗi komai dalla-dalla, har yadda ake juyawa da tsinke. Abu ɗaya ta tsallake. Duk mai waina ta san ana ɗibar kaɗan daga shinkafar a dafa ta yi luguf, a bari ta huce, a haɗa da jiƙaƙƙiyar kafin niƙa. Ita ce take ba waina laushi. In babu ita, a waje za ta yi kyau, a ciki ta yi tauri kamar an soya gari.

Maganar ta zo har bakinta, ta haɗiye. Ba so take yarinyar ta ji kunya ba, haka ta gaya wa kanta. Lissafinta shi ne Bashira za ta soya ta farko, ta ɓara ta ga ba daidai ba, ta rugo waya hankali a tashe. Ita kuma ta ce kwantar da hankalinki, ɗora tukunya, ta gyara mata ƙullun daga nan bakin kanal, matar nan tana tsaye tana kallo.

A Indiya ba su yi Sallah ba sai washegarin Sallar Kano. Ranar Sallar tasu, Saude ta ƙi zuwa gaisuwar Sallah Madobi da aka shirya da ita, ta ce ƙafa ke damunta. Ta san azahar ɗinsu ita ce hantsin nan, don haka tun da safe ta cika waya da caji, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi. Hantsi ya yi ya wuce. Ta duba ko wayar ta mutu, ta sa Saliha ta kira ta don gwaji, waya lafiya lau. Aka yi azahar. Tuwon da Hashimu ya aiko ya huce a rufe. Can wajen la'asar tsoro ya fara shigarta, ta ga yarinyar a ranta tsaye gaban baƙi da faranti cike da duwatsu, kunya ta hana ta ko kira. A nan ne ta fara istigfari.

Sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Bashira ce cikin atamfar Sallah, fuska sai sheƙi, ana jin hayaniyar mutane da ƙarar kwanuka a bayanta.

"Gwaggo, barka da Sallah. Kin ga abin da ya rage, guda uku na ɓoye don in nuna miki."

Ta ɗauki ɗaya ta ɓara a gaban waya. Saude ba ta buƙatar taɓawa. Ta ga yadda ta rabu a hankali, ta ga ƙananan ramukan cikinta. Waina ce ta gaske, ba abin da za a ce.

"Ta yi," ta faɗa da ƙyar.

"Saura kaɗan ta ƙi. Jiya da zan kai niƙa Gwaggona ta nan ta karɓi takardar da na rubuta, na fassara mata. Ta ce akwai abin da babu, su ba sa niƙa irin wannan ƙullu sai da dafaffiyar shinkafa. Na yi ta musu da ita, na ce ke kika faɗa min, ba ki taɓa kuskure a waina ba. Ta ce to mu raba biyu mu gwada. Naki ya yi tauri, Gwaggo." Muryarta ta sauka. "Tun jiya nake tunani. Shekara talatin kina abu, a ce kin manta? Na kira Baba, na ce bayan Sallah ya kai ki Kano a duba ki. Akwai mantuwar da ake tarar ta da wuri. Kuma zaman gaban wutar nan ya isa haka, ki huta."

Saude ta ji kamar an watsa mata ruwan kanal. Duk abin da ta shirya ji, ba ta shirya jin an ce ta fara ruɗewa ba. Tana iya yin shiru a kai ta asibiti, a ɗauke tandarta, a riƙa yi mata magana a hankali kamar yarinya. Ko kuma ta faɗa. Ta dubi fuskar da ta cika da damuwa saboda ita, ta ga ba za ta iya barin ta da wannan damuwar ba, kuma girman kanta ma ba zai bari ba.

"Ban manta ba."

"Na'am?"

"Na ce ban manta ba. Sane na rage. So nake ki kira ni." Ta share hanci da bakin mayafi. "Komai matar nan, komai matar nan. Ni kuma sai gaisuwar Juma'a kamar surukarki. Haushinta nake ji, Bashira, tun ranar da kika kira ta da sunana."

Bashira ta tashi ta rufe ƙofa, hayaniyar ta ragu. Da ta dawo idonta ya kawo ruwa, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Gwaggo, wata takwas ina ba su labarinki. Yau ce ranar da za su ɗanɗana hannunki. Da suka ci suka yi ta santi, suka tambaye ni wa ya koya min." Ta sunkuyar da kai ta dubi wainar da ke hannunta. "Nurjahan tana zaune a wurin, kuma kowa ya san an raba ƙullu biyu. Na ce ita ce."